Makarantar Nijar ko ta Nijeriya? Amsa ga Alhajin da ya koma Maraɗi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce kasuwanci ya ɗauke ka daga Katsina zuwa Maraɗi, ga yaro ɗan shekara 7, ga yarinya a aji 2 na ƙaramar sakandare, kana neman sanin tsarin da ya fi. Na daɗe ina koyarwa a firamare a yankin Jibiya, 'ya'yan ƙanwata kuma duk a Maraɗi suka yi karatu.

A takarda bambancin ba shi da yawa. Mu a Nijeriya 6-3-3-4 muke bi tun 1982, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. Su nasu na Faransa ne: shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji sai jarrabawar BEPC, 3 a lise sai BAC. Inda suka burge ni shi ne maki. A kwaleji da lise bisa 20 ake ba yaro, in bai kai 10 ba yana iya maimaita aji, ko ɗan wane ne. Mu kuwa kora su muke yi gaba kamar garke, sai ka tarar da ɗan aji 6 bai iya haɗa baƙi ba. Amma kada ka ɗauka tsananin nasu alheri ne zalla. Ɗan ƙauye in ya maimaita sau biyu, gona ko ci-rani yake tafiya, shi ke nan.

Wajen gyara kuwa ciwonmu ɗaya: a tara yara kafin a tanadi malami. A 1976 aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, yara suka yi ambaliya, aka horar da malamai cikin gaggawa. Da 6-3-3-4 ta zo, niyyar ita ce yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. An sayo injunan kafinta da na ƙira daga waje, ni da idona na ga wasu sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, babu wuta, babu mai koyarwa. Aka zo da UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowa, a 1999, dokarta a 2004, suna ya canja, aji bai canja ba. Har yau ina jin takaicin rufe kwalejojin horon malamai na Grade II, don su ne suke fitar da wanda ya san yadda ake riƙe ɗan aji 1. Nijar ma da ta shiga shirinta na bunƙasa ilimi na shekara 10 a 2003, sai ta cika azuzuwa da malamai 'yan kwantaragi, albashi kaɗan, ga jinkirin biya, ga yajin aiki.

Sai harshe. Tun 1973 Nijar ta gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, abin ya daɗe da sunan gwaji. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, amma da Faransanci ɗanka zai rubuta jarrabawa. Mu kuma a 2022 aka ce a koyar da harshen uwa duk firamare, a Nuwamban 2025 aka soke. Mu malamai dai da ma abin da muke yi bai wuce rubutu da Turanci a allo, bayani da Hausa ba.

Shawarata, ka raba su. Yaron ka sa shi a Maraɗi, shekarunsa za su ɗauki Faransanci ba wahala, akwai kuma makarantun Faranko-Arab in kana son Larabci a ciki. Kafin ka biya kuɗi ka shiga makarantar da kanka, ka roƙi mushe, wato malamin, ya sa ɗan aji 3 ya karanta maka layi biyu, ka kuma ƙirga yaran ajin. Yarinyar kuwa kada ka taɓa ta. Ba ta da Faransanci ko kaɗan, za a iya mayar da ita baya shekara biyu ko fiye, kuma a wannan shekarun ne 'yan mata ke sarewa. In akwai goggo ko kakar da ka amince da riƙonta a Katsina, bar ta har ta rubuta WAEC ko NECO, ta riƙa zuwa muku hutu.