Amsa ga ɗan'uwan da ya tsinci kwalin katunan besbol

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka tarar da kwali cike da katunan 'yan wasan besbol a ɗakin ƙasa na gidan da ka kama haya a nan Amurka, mai gidan ya ce ka yi yadda ka ga dama da su, yawancinsu na 1988 zuwa 1991 ne. Kana tambaya ko arziki ne ya faɗo maka, da kuma ko ka aika wa kamfanonin da ke duba lafiyar kati su yi musu maki. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan harka, to ga abin da na gani.

Kada ka kashe ko dala ɗaya wajen aika su tukuna. Shekarun da ka ambata su ne lokacin da kamfanoni irin su Topps da Fleer da Donruss suka buga katuna kamar ba gobe, domin jama'a sun fara jin labarin tsofaffin katuna suna kuɗi, kowa ya ruga ya saya ya adana. Abin da kowa ya adana kuwa ba ya tsada. Har yau ana sayar da kwalayen wancan zamani da ba a taɓa buɗewa ba a kan kuɗi kaɗan. Kuɗin da za ka biya a duba kati ɗaya ya fi kuɗin katuna ɗari daga cikinsu.

Amma kafin ka tura kwalin gefe, zauna ka tace shi da hannu. Nemi Ken Griffey Jr. na kamfanin Upper Deck 1989, shi ne mai lamba 1. Nemi Frank Thomas na Topps 1990. In ka ga wanda babu sunansa a gaba, kuskuren bugu ne, kuma wannan kam kuɗi ne na gaske. Cikin na Topps 1991 kuma duba ko akwai mai ɗan tambarin zinariya da aka rubuta Desert Shield, waɗanda aka aika wa sojojin Amurka lokacin yaƙin Tekun Fasha. In ba ka samu ko ɗaya ba, ba wa yara su yi wasa.

Ni abin da ya ja ni ciki wani dattijo ne da muka yi aikin dare tare a sito. Wata rana ya zo da wata 'yar gwangwanin taba, ya buɗe, ya ɗora mini kati ɗaya a tafin hannu. Ɗan siriri ne, bai kai tsawon yatsana na tsakiya ba, kusurwoyinsa sun cinye sun yi zagaye, hoton kamar an zana da fenti, bayan ɗan wasan jan gari irin na faɗuwar rana. Da na juya sai ga tallar sigarin Piedmont da shuɗin tawada. Ya ce kakansa ne ya zaro shi daga kwalin sigari tun kafin yaƙin duniya na farko. Ɗan wasan ba wani sananne ba ne, ni a lokacin ko dokokin wasan ban sani ba, amma na kasa ajiye shi.

Irin waɗannan ake kira T206. Kamfanin American Tobacco ne ya riƙa saka su cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911, kala 524 ne. Sunan ma ba kamfanin ya raɗa ba, wani mai tara katuna ne, Jefferson Burdick, da ya tsara su aji-aji, kuma tarinsa yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. A cikinsu ne ake da Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh, wanda aka tsayar da buga katinsa tun da wuri. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce rigimar kuɗi ce. Ko ma mene ne, 'yan gommai kawai suka rage a duniya, kuma a 2022 an sayar da ɗaya dala miliyan 7.25. A shekarar ce kuma Mickey Mantle na Topps 1952 ya tashi dala miliyan 12.6 a gwanjon Heritage. Shi wannan yana cikin rukunin ƙarshe na shekarar, wanda ya fito kakar wasa ta kusa ƙarewa, bai yi kasuwa ba. Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara katunan, shi da bakinsa ya ba da labarin cewa daga baya sun loda ragowar a jirgin ruwa sun zubar a teku. Waɗanda suka shiga hannun yara kuma, an ɗaure su da roba, an maƙala su a sifokin keke don su riƙa ƙara, iyaye mata sun share sauran zuwa bola. Wanda ya tsira lafiya lau shi ne abin nema. Ka ga bambancinsu da na kwalinka ke nan.

Batun maki: kamfanoni ne irin su PSA da SGC da Beckett, suna duba kati su ba shi daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri da lambar shaida. Abin da suke kallo shi ne kaifin kusurwa, lafiyar gefe, ko hoton ya zauna a tsakiya, da fuskar katin, wato lanƙwasa ko tabon cingam, tunda da cingam ake sayar da na Topps. Tazarar maki ɗaya kan iya ninka farashi. To inda kuɗi ya taru haka, ai ka san 'yan damfara ba za su yi barci ba. Akwai masu aske gefen kati da reza don kusurwa ta yi kaifi, akwai masu shafa launi a inda ya koɗe. Shi kansa Wagner ɗin da ya fi kowanne suna, wanda Wayne Gretzky, ɗan wasan hokin ƙanƙara, da abokin cinikinsa suka saya dala 451,000 a 1991, daga baya wani dillali da ya taɓa mallakarsa ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefensa. Kuma yana ɗauke da maki 8. Saboda haka robar ba ta ɗauke maka nauyin duba katin da idonka.

Ni ma na sha. A shekarata ta biyu, a wata kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Asabar, wani mutum ya nuna mini Hank Aaron na 1954, katinsa na farko, ya ce na mahaifinsa ne, yana neman kuɗin haya. Dala 300 na ƙirga masa, ina tafiya ina waige kada ya sake shawara. Da dare na kai wa dattijon nan. Bai ce komai ba, ya kashe fitila, ya haska shi da 'yar tocilan mai shuɗin haske, sai katin ya ɗau ƙyalli kamar farar riga da aka wanke da bula. Ya ajiye nasa na gaske a gefe, shi ko gezau. Sannan ya miƙo mini madubin ƙara girma: baƙin rubutun da ya kamata ya zama shafe ɗaya, duk ɗigo-ɗigo ne na injin buga takarda. An jiƙa shi da shayi ne don ya yi kama da tsoho. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Har yanzu yana cikin durowata, ina nuna wa duk wanda ya ce zai fara.

In kana son shiga, ka sayi kati ɗaya tak na gaske mai ƙaramin maki, ko T206 na ɗan wasan da ba a sani ba, mai tallar sigarin Piedmont ko Sweet Caporal a bayansa, su ne suka fi yawa kuma suka fi sauƙi. Riƙe shi, saba da shi. Farashi kuma kada ka duba abin da mai kaya ya sa a eBay, kowa na iya rubuta abin da ransa ke so. Duba waɗanda aka riga aka sayar. Ka guji masu buɗe sababbin fakiti kai tsaye a intanet suna sayar da rabo, wannan a wurina caca ce kawai aka sauya wa suna. Ni na zaɓi layi ɗaya na tsaya a kai: baƙaƙen 'yan wasan da suka shigo bayan Jackie Robinson ya buɗe musu ƙofar babbar gasar besbol a 1947. Willie Mays na kamfanin Bowman 1951 ya fi ƙarfin aljihuna, amma na shekarun bayansa ina tsinta ɗaya-ɗaya.

Fitar da kwalin daga ɗakin ƙasa yau ɗin nan, laima ce babbar abokiyar gabar takarda, sai hasken rana. In ka ci karo da wani kati da ya girmi 1970, ɗauki hotonsa gaba da baya a kan baƙin ƙyalle, kusurwoyi huɗun su fito sosai, ka turo mu gani.