Tiyatar Ƙarin Mahaifa: Sa Hannun Wa Doka Take Nema, Nawa Ko Na Maigida?

Assalamu alaikum Lauya. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Shekarata 38, 'yata ɗaya, kuma har yau ban cire rai da samun wani ba. An yi mini hoton ciki an ce ƙari ne a mahaifa, wanda ake cewa faibroid, kuma ba guda ɗaya ba ne. In al'ada ta zo sai in fi mako ina zubar da jini, har jiri yake ɗibata a shago. Likita ya ce zai yi aiki ya cire ƙarin ya bar mahaifar, amma ƙanwata da ta karanta mini takardar sa hannu ta ce an rubuta mai yiwuwa a cire mahaifar gaba ɗaya. Nas ta ce in zo da maigida ya sa hannu. Shi kuwa ya ce ba da yawunsa ba, kuma in har aka cire mahaifa to in san inda dare ya yi mini. Surukata ta ce a bar asibiti a koma maganin gargajiya. Lauya, zan iya sa hannu ni kaɗai? Kuma likita yana da ikon cire mini mahaifa ina cikin barcin allura?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Za ki iya sa hannu ke kaɗai. Babu wata doka a Ghana da ta ce sai miji ya yarda kafin a yi wa matarsa tiyata, muddin ta kai shekara 18 kuma tana cikin hankalinta. Sashe na 42 na Dokar Laifuffuka ta 1960, mai lamba 29, ya ba iyaye ko mariƙi damar amincewa da magani a madadin yaron da bai kai 18 ba. Aure ba ya mayar da mace yarinya, kuma ba ya mayar da miji mariƙinta. Ko da maigida ya zo ya sa hannu sau goma, in ke ba ki yarda ba, likitan da ya taɓa ki ya yi laifi. In kuma ke kin yarda shi ya ƙi, ƙinsa ba ya hana komai.

To me ya sa nas ta ce ki kawo shi? Saboda asibiti ya sha ganin maigidan da ya zo bayan an gama aiki yana ta da jijiyar wuya a ƙofar ɗakin haihuwa. Suna son shaida, suna son wanda za a kira in wani abu ya taso, suna son masu ba da jini da mai biyan kuɗi. Duk wannan ƙanwarki ko yayanki zai iya tsaya miki. In an dage, ki nemi ganin likitan da kansa ko babbar nas ta sashen, ki gaya musu cikin ladabi cewa ke ce mai jiki kuma ga wanda kika zaɓa ya zama shaidarki. Wata gaɓa ma da mazaje da yawa ba su sani ba: sashe na 79 na wannan doka ya ɗora wa mai aure nauyin samar wa abokin zaman da ke ƙarƙashin kulawarsa abubuwan da rai da lafiya suke buƙata, kuma magani da tiyata suna cikin lissafin. Wato inda doka ta ambaci maigida a wannan magana, nauyi ta ɗora masa, ba ta ba shi ikon hanawa ba.

Ban ce ki yi gaban kanki a ɓoye ba. Gida ake so a zauna bayan an sallamo ki, kuma jinyar wannan aiki takan kai mako shida. Ki roƙe shi ya raka ki ya ji daga bakin likita, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, ko limamin unguwa, ya zaunar da shi. Sau tari abin da miji ya ji shi ne "za a cire mahaifa", bai ji sauran bayanin ba. Hukuncin addini kuma na malamai ne, ni ba zan shiga gonarsu ba, sai dai ki kai musu maganar a cike, har da yawan jinin da kike rasawa.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, domin tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma amsarta tana cikin wannan layin da ƙanwarki ta karanta miki.

Yarda a idon doka ba sa hannu kawai ba ce. Kundin Haƙƙin Majinyaci da hukumar lafiya ta ƙasa ta fitar, wanda aka shigar cikin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 mai lamba 851, ya ce kina da haƙƙin samun cikakken bayani kan ciwonki, da yadda za a yi maganinsa, da haɗarin da ke ciki. Ya ce kina da haƙƙin sanin wasu hanyoyin magani in akwai su, da haƙƙin jin ra'ayin wani likita na biyu, da sanin kuɗin da za ki biya tun kafin a fara. Kotun Ƙolin Birtaniya ma a 2015, a shari'ar Montgomery, ta ce dole likita ya bayyana haɗarin da majinyaci zai ɗauka da muhimmanci da kuma zaɓin da ke akwai. Hukuncinsu bai ɗaure alƙalanmu ba, amma lauyoyi suna kafa hujja da shi.

Ni lauya ne ba likita ba, amma ba za ki iya neman haƙƙinki na zaɓi ba in ba ki san abin da ke kan faifai ba. Ƙarin mahaifa tsiro ne daga naman mahaifar kanta, kusan dukkansa ba ciwon daji ba ne, ya fi yawa a mata baƙar fata, kuma yakan motse bayan al'ada ta ɗauke. Wadda ba ya damunta ana iya barinta ana dubawa lokaci lokaci. Ke kam da jiri yake ɗibarki, ga kusan shekara goma ko fiye kafin al'ada ta tsaya, jira ba naki ba ne. Akwai magungunan rage zubar jini, da ƙwayoyin ƙarin jini, da robar da ake sawa a mahaifa mai sakin sinadari. Suna sauƙaƙa wahala amma ba sa kawar da ƙarin. Akwai allurar da ke motsar da shi, ana yin ta wata uku zuwa shida, yawanci don a shirya mace kafin aiki, in an daina kuma yakan sake girma. Akwai toshe jijiyoyin da ke kai masa jini ta hanyar siririn bututu, ba tare da an tsaga ciki ba, sai dai ba kowane asibiti ke yi ba, kuma likitoci ba su cika fara ba da shi ga mai neman haihuwa ba. Sai aikin da aka ce za a yi miki, a ɓare ƙarin a ɗinke mahaifa a bar ta. Shi ne hanyar mai son ƙara haihuwa, amma ana zubar da jini a cikinsa, ƙarin yana iya dawowa bayan shekaru, kuma in ciki ya samu daga baya mai yiwuwa a ce sai ta tiyata za a haihu. Na ƙarshe cire mahaifa, wanda yake kashe maganar ƙarin har abada, ya kuma rufe ƙofar haihuwa har abada.

Wannan zubar jinin ne ya sa likitoci suke rubuta layin nan. Ba mugunta ba ce. Wani lokaci, ba kasafai ba, jini yakan ƙi tsayawa ana tsakiyar aiki, har ya zama ko mahaifa ko rai. Matsalar ita ce yadda aka rubuta shi. In ya ce a cire mahaifa "idan likita ya ga ya dace", kin ba da wuƙa da nama. Doka ta bambanta abin da ya zama tilas don ceton rai da abin da ya fi wa likita sauƙi. In ya buɗe ya tarar ƙarin ya fi yadda hoto ya nuna, ya ga cire mahaifar zai fi sauri, ko ya ce a ransa ai ta kusa arba'in, wannan ba dalili ba ne. Abin da ya kamace shi shi ne ya yi iyakar abin da kika yarda da shi, ya bari ki farka ki yanke sauran. Ke da kike harkar atamfa kin sani, in kin ba tela zane ya rage miki tsawo, ba shi da ikon yanka shi ya ɗinka riga don ya ga za ta fi kyau.

Saboda haka tun ran gini ake zane. Kada ki sa hannu ranar aiki, kina kwance kan gadon turawa da ruwa a hannunki. Ki nemi takardar tun kwanaki kafin nan, ki ce a rubuta a kanta da biro cewa kin yarda a cire ƙari, ba ki yarda a cire mahaifa ba sai in jini ya ƙi tsayawa har rayuwarki ta shiga haɗari bayan an gwada sauran dabaru. Ki sa a ƙara cewa ba ki yarda a cire ƙwayayen mahaifa ba. Wannan magana ce daban da mutane suke haɗawa: cire mahaifa kaɗai yana tsayar da jinin wata, amma cire ƙwayayen biyu shi ne yake jefa mace nan take cikin halin wadda al'ada ta ɗauke wa, da zafin jiki da raunin ƙashi. Likita ya sa hannu kusa da abin da aka ƙara, a sa kwanan wata, ƙanwarki ta ɗauki hoton takardar da wayarta. In Turanci bai zauna miki ba, ki ce a fassara miki da Hausa ko Twi, a kuma rubuta sunan wanda ya fassara. Tsohuwar ƙa'ida ce a kotunan ƙasar nan cewa duk mai son kafa hujja da takardar da wanda bai iya karatu ba ya dangwala wa yatsa, shi zai tabbatar an karanta masa kuma ya fahimta.

Kina da ikon cewa kada a cire ko da me zai faru. Doka ta yarda babba mai hankali ya ƙi magani ko da ƙin zai cutar da shi. Amma likita shi ma yana da ikon cewa ba zai yi aikin da hannu a ɗaure ba, kuma ni in 'yar'uwata ce ba zan ba ta wannan shawarar ba. Kina da 'yar da ke buƙatar uwa.

Kafin ranar, ki tambayi likitan ƙarin nawa ne, ina suke zaune, kuma a ganinsa yaya yiwuwar a kai ga cirewa a irin naki. Ki tambayi awon jininki. Na mace mai lafiya 12 ne zuwa sama, kuma shiga aiki da jini ƙasa sosai yana daga abin da ke ƙure wa likita lokaci. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ɗauki hotonki ki kai wa wani likitan mata, ko a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke nan Kumasi ko wani wuri. Ba cin fuska ba ne, haƙƙinki ne a rubuce. Ki duba katin inshorar lafiyarki ma ko yana da rai, domin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, tana ɗaukar irin wannan tiyata a asibitocin da ke cikin tsarinta, ko da yake ba ta biyan dashen ciki. Duk abin da aka ce ki biya, ki karɓi rasit.

Maganar maganin gargajiya ba zan ja ta ba. Ba wanda zai tilasta miki shan abin da ba ki so, surukar ko waninta. Dokar nan mai lamba 851 ta hana tallar magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka, ciki har da na mahaifa da rashin haihuwa, don haka mai lasifika a tasha da ke rantsuwa zai narkar da ƙari cikin mako biyu ya riga ya taka doka kafin ki buɗe jaka. Kowane wata da aka ɓata kuma jininki ne yake tafiya.

In aka saɓa abin da kika rubuta, abu na farko ki nemi kwafin fayil ɗinki, musamman bayanin da likita ya rubuta na abin da ya faru a ɗakin tiyata. Babbar Kotu a Accra ta yanke a 2010 cewa majinyaci yana da haƙƙin karɓar kwafin bayanan jinyarsa. Daga nan akwai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda dokar 2013 mai lamba 857 ta ba ikon ladabtar da likita, amma ba ta biyan diyya. Akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da sauraren koke kan ma'aikatun gwamnati, in asibitin gwamnati ne. Diyya kuwa sai kotu, kuma Dokar Ƙayyade Lokacin Ƙara ta 1972 ta ba da shekara uku kacal ga ƙarar rauni a jiki ta dalilin sakaci. Ana yin nasara. A nan Kumasi aka yi shari'ar Asantekramo ta 1975, inda matar da ta shiga asibiti da cikin da ya zauna a wajen mahaifa ta fito babu hannu ɗaya, kotu kuma ta ɗora wa gwamnati biyan diyya. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, irin wannan shari'a tana cin shekaru, tana buƙatar wani likita ya zo ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa, kuma samun wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa na fi ba ki ƙarfi a kan biro da takarda tun yanzu.

Barazanar maigida kuma, gaskiya kotu ba ta iya tilasta wa namiji zama da mace. Abin da take iya yi shi ne hana shi sallamar ki hannu rabbana. Sashe na 41 na Dokar Shari'o'in Aure ta 1971 ya buɗe ƙofar kotu ga matan auren Musulunci da na al'ada, sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1992 ya ce a raba dukiyar da aka tara tare cikin adalci, kuma ciyar da 'yarku da karatunta suna wuyansa ƙarƙashin Dokar Yara ta 1998, ko da aure ko babu. Ki binciko ko an yi wa aurenku rajista, domin doka ta ce a yi cikin mako guda da ɗaurawa, kuma yawancin aurarrakinmu na Zango ba a yi. In ba a yi ba, ba shi ke nan ba, kotu takan duba ko auren ya cika sharuɗɗan auren al'ada, amma ki adana duk wata shaida ta sadaki da waɗanda suka halarta. In barazanar ta wuce baki ta kai ga duka ko kulle ki a hana ki zuwa asibiti, wannan ya shiga Dokar Cin Zarafi a Gida ta 2007, kuma ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida, shi ne wurin zuwa. In kuɗin lauya ya gagara, Hukumar Taimakon Shari'a tana da ofis a nan Kumasi, ki je da takardar sa hannun da hoton cikin a hannunki.