Launin bakan gizo a jikin tsohuwar kwandala: na shekaru ne ko na hannu?

Tambaya: Malam, na ga ana gwanjon wata tsohuwar dalar Amurka ta azurfa a intanet, jikinta launi-launi kamar bakan gizo, kuɗinta ya ninka na fara tas. Ni kuma ina da sule na 1913 da na gada wurin kakana, ya yi duhu. In wanke shi ne, ko akwai yadda zan yi shi ma ya yi irin wannan launi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kada ka yi ko ɗaya. Bari in fara da inda launin yake fitowa.

Azurfa ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, amma ba ta shiri da farar wuta. Ɗan ɓurɓushin farar wuta da ke cikin iska, ko takarda, ko ƙyalle, shi ke haɗuwa da fuskar azurfar ya yi mata wata 'yar fata wadda ta fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa. Haske na bugun saman fatar da ƙasanta ya dawo, sai ido ya ga launi, kamar yadda ake gani idan fetur ya zuba a kan ruwa. Kaurin fatar ne ke yanke launin: tun tana siririya ruwan zinariya ne, sai ja-ja, sai shuɗi, sai kore, in ta yi kauri sosai ta koma baƙa.

Dalar da ka gani, ina kyautata zaton ta Mogan ce (sunan wanda ya zana ta ke nan), wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, sannan a 1921. An yi ta ɗura su dubu-dubu cikin buhunan zane ana jibgewa a taskar gwamnati shekaru da dama. Waɗanda suka jingina da jikin buhu su suka yi launi, galibi fuska ɗaya, wani lokaci har da zanen saƙar buhun, ko siffar jinjirin wata inda wata kwandalar ta rufe rabin 'yar'uwarta. Wannan tarihin ne masu tarawa ke saye.

To, inda kuɗi ya shiga, dabara ba ta rasa biyo shi. Akwai masu ɗaukar farar kwandala su gasa ta, ko su turara ta da farar wuta, ko su rufe ta a mazubi ɗaya da dafaffen ƙwai, cikin yini guda su fito da abin da shekara tamanin ke yi. Ga yadda nake duba su. Launi na gaskiya yana bin jerin da na faɗa, wani na narkewa cikin wani, kuma yana mutunta tudu da kwarin zanen. Sau da yawa za ka ga ɗan fili mai haske a gindin haruffa. In ka juya kwandalar a haske, ƙyallinta na asali na tasowa daga ƙarƙashi. Na hannu kuwa zaune yake a sama kamar an shafa, ya haye haruffa da fili bai ɗaya, shuɗi da shunayya sun yi kau, babu ƙyalli a ƙasa. Kwandalar da ta sha hannu har zanenta ya goge amma tana bakan gizo, wannan na fi zarginta, don azurfar da ta yi yawon kasuwa toka-toka take komawa.

Gaskiya iyakar ba a fili take ba kullum. Wanda ya sa kwandala cikin tsohon ambulan da gangan ya bar ta shekara goma fa? Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC, masu ba da maki daga 1 zuwa 70, in suka yi shakkar launi sai su ce kwandalar ta gaske ce amma su hana ta maki, farashinta kuma ya faɗi. Su kansu ƙwararrun sukan saɓa.

Fenti wani zance ne daban. Kanada ta fitar da kwandalar senti 25 mai jan fure a 2004, kuma gidan buga kuɗin gwamnati ne ya yi ta haka, don haka launin nata ne. Amma wadda wani ɗan kasuwa ya saya ya fente, ko ya yi mata ruwan zinariya, a idon masu tarawa lalatacciya ce, komai kyan akwatinta.

Sulenka na 1913 azurfa ne mai kyau, daga farkon waɗanda aka buga wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Daga 1920 aka koma farar tagulla mai ruwan ɗorawa. Duhun nan shaidar shekarunsa ne. Toka, tsamiya, lemun tsami da man goge baki duk suna kankare fuskarsa su bar ƙananan ƙarce, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Riƙe shi ta gefe, ka raba shi da robar ɗaure kuɗi da takardar jarida, ka sa shi cikin ɗan kwanson roba mai tauri irin na ajiye sulalla, a wurin da damina ba ta kai masa danshi.