Na'urar numfashin barci: wuta, ƙura, ruwa da takunkumi

Assalamu alaikum, masu karatu. Wannan makon mun ɗan ajiye waya da kwamfuta a gefe, saboda tambayoyi sun taru a kan wata na'ura da ta fara shiga gidajenmu, wato wadda ake ba mai fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci. A jikin kwalinta za ka ga an rubuta CPAP, mutane kuma suna ce mata sifaf.

Ga wanda bai san ta ba: akwai mutanen da idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaronsu yakan saki ya toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura da wani irin minshari mai ƙarfi, ya koma barci, abin ya sake maimaituwa har gari ya waye. Na'urar ba oksijin take bayarwa ba. Iskar ɗakin take zuƙa, ta tace ta, ta turo ta cikin tiyo zuwa takunkumi da ɗan ƙarfi, ƙarfin nan shi ke riƙe maƙogwaro a buɗe. Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a birnin Sidni, ya wallafa ta a 1981. Ni ba likita ba ne, don haka abin da ya shafi inji da wuta da manhaja zan amsa, sauran kuwa zan mayar da ku wajen masu shi.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: An ba ni ResMed AirSense 10, na ji daɗinta ƙwarai, amma da an ɗauke wuta tsakar dare sai in farka a firgice kamar an shaƙe ni. Shin tana iya kashe mutum idan ta tsaya? Kuma wane irin batir zan saya?

Alhaji, ka kwantar da hankalinka a kan ta farko. Kowane takunkumi yana da 'yan ƙananan huji da iskar da ka fitar ke bi ta fice, wanda ke rufe hanci da baki gaba ɗaya kuma yana da wani ɗan murfi da ke buɗewa da kansa idan iskar injin ta tsaya, ka ci gaba da shaƙar iskar ɗaki. Sharaɗin kawai shi ne kada ka taɓa liƙe hujin nan da salatif don ƙarar iskar ta dame ka. Idan wuta ta ɗauke ka farka, ka cire takunkumin. Asarar da kake yi ita ce sauran daren ka kwana ba magani.

Maganar batir kuwa sai mun yi lissafi. Injin da ke hura iskar ba ya cin wuta sosai, yawanci wat 10 zuwa 20 ne a matsakaicin ƙarfi. Abin da ke shan wuta shi ne farantin da ke ɗumama ruwan tankin da ke ba iskar danshi, da tiyo mai ɗumi idan kana da shi. Su ne ke ninka cin wutar sau uku ko huɗu. To a ce ka kashe ɗumamawar, injin yana cin wat 15, ka yi barcin awa 8: 15 sau 8 ya ba ka 120 a ma'aunin Wh, wato wat sau awa. Batirin sola mai bolt 12 da ƙarfin 100 a ma'aunin Ah yana ɗauke da Wh 1,200, wato 12 sau 100, amma irin mai ruwan nan ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 600 ke nan. A takarda dare biyar ne, amma idan ka cire abin da inbata ke ci da kanta, ka sa ran dare uku zuwa huɗu. Akwatin wuta na litiyom mai Wh 300 zai kai ka dare biyu. Da ɗumamawa a kunne kuwa, da ƙyar ya kai ka asuba.

Idan za ka bi ta inbata, ka nemi mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi, wadda masu sayarwa ke kira fiyo sayin. Mai arhar nan da ke sa fanka gurnani tana iya lalata ɓangaren ɗumama ruwa. Abin da ya fi duka a ganina shi ne ka tsallake inbatar baki ɗaya. Na'urarka bolt 24 take ci, kuma kamfanin yana da wata waya ta musamman da ke ɗaukar wuta kai tsaye daga batir mai bolt 12 ta ɗaga ta. Da ita batirin ya fi daɗewa, kuma ba ruwanka da ko an kawo ko an ɗauke. Kada ka yarda mai gyaran rediyo ya yanka maka waya ya haɗa ta da batir haka kawai. Batirin mota ma ba na wannan aikin ba ne, don an yi shi ne ya tayar da inji nan take, ba ya jure a zuƙe shi dare guda.

Adaftar da ta zo da ita tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka ƙarancin wuta bai cika damun ta ba. Wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce abin tsoro, sai ka sa mata soket mai kariya. Sannan ina roƙon ka don Allah: idan janareta za ka tayar, ya yi nesa da tagar ɗakin. Na'urar nan duk abin da ke cikin iskar ɗaki zuƙowa take yi ta kai maka har huhu, kuma gubar hayaƙin janareta ba ta da wari balle matata ta tare ta.

Tambaya daga wata uwargida a Zariya: Ta maigidana ce. Tun shigowar hunturu ƙararta ta ƙaru, ya ce iskar ta rage, kuma wani wari take yi kamar na hayaƙi.

Hajiya, ki juya na'urar ki duba gefenta ko bayanta, za ki ga ɗan murfi. Ki buɗe, akwai 'yar farar matata da ba ta kai tafin jariri ba. Ina kyautata zaton ba fara za ki same ta ba. Bara na buɗe ta wani kawuna a tsakiyar hazo, na tarar da ita ja kamar an tsoma ta a kunun kanwa, da na ɗan buga ta a bayan hannu ƙura ta tashi. Muna canza ta ƙarar ta kwanta. Littafin ResMed ya ce a canza aƙalla duk wata shida, amma wannan lissafin ƙasashen da ba su san hazo ba ne. A nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ki duba ta duk Juma'a, da ta sauya launi ki jefar. Farar ba a wanke ta. Wasu na'urorin suna da ta biyu mai kauri wadda ake wankewa, ita ma sai ta bushe sarai kafin a mayar.

Warin hayaƙin kuwa ina jin daga ɗakin yake. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk suna shiga cikin injin su maƙale. Ki turara ɗakin da wuri na'urar tana kashe kuma a lulluɓe, a bar iska ta zaga kafin a kwanta, sauro kuma a koma wa gidan sauro. Kada a ajiye ta a ƙasa a kan darduma, kuma kada labule ya rufe mashigar iskarta. Amma in warin na ƙonewar waya ne, a cire ta daga wuta a kai wa wanda ya sayar da ita.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Ba na samun ruwan da aka ce a zuba a tanki. Mai shago ya ce in sayi ruwan batir, duk ɗaya ne. Sannan da asuba nakan ji ruwa yana ƙulu-ƙulu a tiyo har ya zubo mini a fuska.

Malam, kada ka zuba ruwan batir. Gaskiya ne asalinsa ruwan tururi ne da aka tara, amma wanda ake sayarwa a tashar makanikai ba ka san robar da aka zuba shi ba, ba ka san ko ya haɗu da asid ba, kuma tururinsa huhunka zai je. Ka tambayi tsabtataccen ruwan tururi a kemis ko shagon kayan asibiti. Idan babu, ka tafasa ruwan sha mai kyau, ya huce, ka zuba. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire gishirin da ke cikin ruwa, don haka za ka riƙa ganin farin dattin nan a gindin tanki. Maganinsa ruwan khal kashi ɗaya, ruwa kashi goma, ka jiƙa, ka ɗauraye sosai. Kullum da safe ka zubar da ragowar ruwan ka kife tankin ya bushe a inuwa. Kada ka ɗiga turare ko man zafi a ciki.

Ruwan tiyo kuwa raɓa ce. Iska mai ɗumi ta fito ta tarar da tiyo ya yi sanyin asuba, sai ta koma ruwa. Ka rage lambar danshi da mataki ɗaya, ka ajiye na'urar ƙasa da tsayin kanka yadda ruwan zai gangara ya koma tanki, ka sa tela ya ɗinka wa tiyon riga da tsohon bargo.

Tambaya daga wani liman a Gusau: Iska tana tsiyaya ta gefen takunkumi tana hura mini ido. Na ɗaure shi tam har ya yi mini shaida a karan hanci, bai daina ba. An ce wai sai na aske gemu. Kuma manhajar waya ba ta nuna mini komai.

Allah ya gafarta Malam, ba sai an kai ga gemu ba. Takunkumin da ke rufe hanci da baki shi ne gashi ke hana shi zama. Akwai wanda ke zama a kan hanci kaɗai, akwai kuma mai 'yan kawuna biyu masu laushi da ke zama a ƙofar hanci, wanda ko kusa da gemu ba ya zuwa. Sai dai idan bakinka yana buɗewa a barci, iskar za ta bi ta nan ta fice, ka tashi da maƙogwaro a bushe. A nan ana ƙara maɗaurin haɓa. Ɗaurewa da ƙarfi kuma ƙara ɓata lamarin take yi, domin robar an yi ta ne iska ta kumbura ta ta manne da fata, idan an matse ta sai ta lanƙwashe. Ka kwanta yadda kake barci, ka kunna injin, ka ɗan ɗaga takunkumin ka sake shi ya zauna, sannan ka ja maɗauri kaɗan-kaɗan. A wanke fuska kafin kwanciya, kada a shafa basilin, yana cin robar. Ita ma robar a goge ta da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi kowace safiya.

Idan taka ma AirSense 10 ce, manhajar kamfanin ResMed mai suna myAir ba daga wayarka take karɓar bayani ba. Na'urar tana da nata layin sadarwa a ciki, wanda aka tsara don ƙasar da aka sayar da ita, shi ya sa wadda aka kawo daga Amurka ko Ingila kan yi shiru a nan. Ba asara ba ce. Allon na'urar yana nuna rahoton daren jiya, kuma a gefenta akwai katin memori. Ka sa a saukar maka da manhajar OSCAR a kwamfuta, kyauta ce, tana karanta katin ta zana maka daren gaba ɗaya. Lambobi uku za ka duba: awa nawa ka yi da ita, yawan tsiyayar iska, wadda a ResMed ake son ta tsaya ƙasa da lita 24 a minti, sai AHI, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa guda, ana son ya sauka ƙasa da 5.

A nan zan ja kunne. Intanet cike take da bidiyon yadda ake shiga ɓoyayyen shafin likita a canza ƙarfin iska, wanda ke tsakanin 4 da 20. Kada a yi. Idan lambar AHI ta ƙi sauka, ko ciki yana kumbura da iska, ko fitar da numfashi yana wahala, a ɗauki katin a kai wa likitan da ya rubuta na'urar. Akwai saitin da ke fara iska a hankali har barci ya ɗauke ka, akwai mai sassautawa lokacin fitar da numfashi, shi zai san wanda ya dace da kai.

Tambaya daga wani matashi a Kumasi: Na ga Philips DreamStation ta hannu da arha, zan saya wa mahaifina.

Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri, amma ka dakata. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya rududdugewa, mutum ya shaƙi ɓurɓushinsa. Zafi da danshi suna hanzarta lalacewar, ka kuwa san yanayinmu. Idan mai sayarwa ba shi da shaidar cewa an canza soson, ka bar masa kayarsa. Ganin baƙin gari a tiyo ko tanki kuwa ya gama magana. Ko wace iri za ka saya ta hannu, ka duba awannin da injin ya yi a cikin saitinsa, ka sayi sabon takunkumi da tiyo da matata. Kafin wannan duka, Baba ya yi gwajin barci tukuna, domin ƙarfin da aka saita wa wani ba nasa ba ne. Idan kuma yana da na'urar bugun zuciya a ƙirji, a guji takunkumi mai maɗaurin maganaɗisu.

Tambaya ta ƙarshe daga wata Hajiya a Yola: Zan tafi Umara, in tafi da ita?

Ki tafi da ita, Hajiya, Allah ya karɓa. Ki riƙe ta a jakar hannu, kada ta bi manyan kaya, ki zubar da ruwan tanki ki bushe shi kafin ki naɗe, ki haɗa da takardar likita. Wutar Saudiyya ba za ta dame ta ba, soket ɗinsu ma galibi mai ƙafa uku ne irin namu. Idan da batirin litiyom za ki tafi, shi ma a hannu ake riƙe shi: wanda bai wuce 100 ba a ma'aunin Wh da ke rubuce a jikinsa yana wucewa, daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi. Ki saka doguwar wayar wuta a jaka, domin a masauki sau da yawa soket yana nesa da gado.