Ta 3 a can, ta 17 a nan: in mayar da ita?

Tambaya: Na cire 'yata daga makarantar unguwa na kai ta wata mai tsada. A can ita ce ta 3 a aji, a nan ta zo ta 17. Babanta ya ce asarar kuɗi muke yi, mu mayar da ita. Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Hajiya, ku dakata tukuna. Matsayi a aji jeri kawai yake nunawa, wane a gaban wane, ba ya faɗin tazarar da ke tsakaninsu. Tun a 1946 wani malamin jami'ar Harvard, S. S. Stevens, ya raba ma'aunai gida huɗu, kuma matsayi yana cikin masu jera abu ba tare da auna nisa ba. A ajin da yara suka yi kunnen doki, ta 17 na iya samun 71 alhali ta 3 tana da 76. A wani ajin kuma ta 3 da 58 ta tsira, don sauran sun yi ƙasa sosai.

Ki je makarantar ki nemi makinta na kowane darasi, da matsakaicin makin ajin, da mafi girma da mafi ƙanƙanta. Sannan ki buɗe littafin lissafinta na bara da na bana ki gwada: wanne ya fi aiki mai wuya, wanne malami ya fi bi da jan biro yana gyarawa? Ni dai na fi yarda da wannan a kan lambar da ke saman katin sakamako. Idan tana koyo kuma tana zuwa da walwala, ku bar ta.

Tambaya: Wata makaranta tana talla cewa matsakaicin sakamakon ɗalibanta a WAEC B3 ne. In biya? Wani uba daga Katsina.

Amsa: Alhaji, wannan lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba. A jadawalin da aka saba wallafawa, A1 ta kama daga 75 zuwa 100, B2 kuwa 70 zuwa 74 ce kacal, F9 ta haɗiye komai daga 39 zuwa ƙasa. Matakan da faɗinsu bai zo ɗaya ba, ba a tara su a raba. Ka tambaye su ɗalibai nawa suka zauna jarrabawar, nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma nawa aka hana zama don kada su ɓata alƙaluman.