Filin Tambaya da Amsa: Na tuba, amma unguwa ba ta yarda da ni ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a unguwar Kara-Kara, nan Zinder. Na yi shekaru cikin 'yan pale, wato ƙungiyoyin 'yan daba na garin nan, na sha tiramol, na yi faɗa, na kuma ƙwace wa mutane wayoyi da dare. Tun azumin da ya wuce Allah ya karkato da zuciyata na daina, yanzu ina kabu-kabu da babur ɗin wani bawan Allah. Damuwata ita ce, in na shiga masallaci sai in ga wasu suna jawo takalmansu kusa da su, abokaina na da kuma suna ce mini "ustazu" suna dariya. Na yanke shawarar in daina hulɗa da kowa, daga aiki sai ɗaki. Shin ta haka zan tsira da tubata? Daga wani matashi, Kara-Kara.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya karɓi tubarka, ya tabbatar da dugaduganka. Shawarar da ka yanke ta kulle kanka a ɗaki kuwa ban goyi bayanta ba, kuma ina jin tsoronta fiye da dariyar abokanka. Ka tuna abin da ya kai ka pale tun farko. Da wuya a ce daɗin ƙwaya ne ya ja ka. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne can ka samu waɗanda ke tambayar inda kake in ba su gan ka ba, suke raba shayi da kai, suke tsaya maka in an taɓa ka. Wannan buƙata ta mutane tana nan a jikinka ba ta tafi ba, kuma in ba ka samar mata wuri mai tsabta ba, wata rana cikin zafin bazara, an ɗauke wuta, ɗaki ya yi maka ƙunci, ƙafarka za ta kai ka inda ta saba ba tare da ta nemi shawararka ba.

Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na ɗari da mai bautar da ya ce masa ba shi da tuba. Da ya je wurin malami masani, sai ya ce masa babu mai shiga tsakaninsa da tuba, sannan ya umurce shi da ya tafi wani gari inda akwai mutane masu bauta wa Allah, ya yi bauta tare da su, kada ya koma ƙasarsa domin ƙasa ce ta mugun aiki. Umurnin kashi biyu ne, barin wasu mutane da kuma shiga cikin wasu, kai kuwa na farkon kaɗai ka ɗauka. Mutumin ya mutu a hanya bai isa ba, amma mala'ikun rahama ne suka ɗauki ransa saboda an tarar ya fi kusa da garin mutanen kirki.

Taka hijirar ba sai ta kai ka Kano ko Libiya ba. Tun shekarun 1990 fada ta zama wurin zaman matasan garin nan, kuma ba duka fadoji suka zama ɗaya ba: akwai inda ake yin asusu, ake fita gayyar yashe magudanar ruwa kafin damina, ake haɗa kuɗi in ɗaya ya kwanta asibiti ko matarsa ta haihu. Ka nemi irin wannan. Sannan ka samu zauren karatu tsakanin magariba da lisha, a Birni ko Garin Malam ko nan kusa da kai. Ba zan zaɓa maka tsakanin zawiyar Tijjaniyya da masallacin Izala ba, domin na san mutanen kirki a kowane ɓangare. Abin da za ka duba shi ne, in ka yi fashin kwana biyu, malamin zai aiko a tambayi lafiyarka, ko kuwa ba wanda zai lura.

Batun takalma kuma, zan gaya maka gaskiya ko da ba ta da daɗi: wasu daga cikin mutanen nan suna da dalili, wataƙila ma akwai wanda wayar ƙanensa ta bi ta hannunka. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa uku, wato barin laifin, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, amma in laifin ya shafi haƙƙin mutum sai a ƙara na huɗu, mayar da haƙƙin ko neman yafiya. Waɗanda ka san su, ka bi ta hannun liman ko mai unguwa, ka riƙa ajiye ko jikka guda ce a mako har ka biya. Ba dole ba ne ka tsaya gabansu in kana tsoron fitina. Waɗanda ba ka san inda suke ba, ka yi sadaka da ƙimar kayan da niyyar ladan ya je gare su. Sana'ar da kake yi kuwa kullum tana ba ka damar gina amana: ka kai wa mai babur kuɗinsa kan lokaci, ka mayar wa tsohuwar da ka ɗauko daga Kasuwar Dole canjinta cif, ka juya ka kai wa fasinja jakar da ya manta. Ranar da wata uwa a layinku ta ce kai za ka riƙa kai ɗanta makaranta, ka san unguwa ta fara karɓarka, kuma wannan ba ya samuwa ga wanda ya rufe ƙofa.

Ina da magana da masu jawo takalma, tunda na san suna karanta wannan fili. An taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) wani mutum da aka sha hukuntawa saboda giya, wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwaya ya ce kada a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Muna yawan cewa hali zanen dutse ne, to da haka abin yake da Fulailu ɗan Iyali, wanda ya yi suna da tare hanya yana fashi, bai zama babban mai tsoron Allah da ya ƙare rayuwarsa a Makka malamai suna karɓar hadisi daga gare shi ba. Kara-Kara kuma unguwa ce da aka daɗe da ware ta, tun lokacin da ake tsugunar da masu cutar kuturta a can, har yau sunanta kaɗai kan sa a hana yaro aiki ko aure. A ganina, dattijon da ya ga irin wannan yaro a sahu, ya miƙa masa hannu bayan sallama, ya tambaye shi sunan mahaifinsa, ya yi aikin da wa'azin wata guda ba zai yi ba.

Abokanka na da kada ka zage su, kada kuma ka fara yi musu wa'azi yanzu. Ka gaishe su a hanya, ka je sunansu da jana'izarsu, in ɗaya ya yi rashin lafiya ka ɗauke shi a babur kyauta, amma ka bar zaman dare da su. A cikin masu dariyar nan akwai mai zuba ido ya ga ko za ka ɗore, domin shi ma ya gaji. Abu na ƙarshe, in har yanzu kana fama da ciwon jiki, da zufa, da rashin barci tun da ka bar tiramol, ka ga likita, domin jikin da ya saba da ƙwayar yana iya buƙatar magani, kuma neman magani ba rauni ba ne a imani.

Tambaya: Malam, ni matar aure ce a Zango. Ina sallar dare, ina azumin Litinin da Alhamis, amma na daina jin daɗin ibada kamar da. Shekara biyu ke nan ba ma magana da kishiyata, alhali tsakar gida ɗaya muke. Ko akwai alaƙa? Daga wata baiwar Allah, Zango.

Amsa: Ƙanwata, kin amsa wa kanki tun a cikin tambayar. Muslim ya ruwaito cewa a ranakun Litinin da Alhamis, ranakun da kike azumi, ana gafarta wa duk wanda bai yi shirka ba, ban da mutum biyu da ke gaba da juna, waɗanda ake cewa a jinkirta musu har su shirya. Haka kuma bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama.

Kishi kansa ba shi ne laifin ba. Ya faru a gidan Annabi, har ɗaya daga cikin matansa ta buge akushin abincin da wata ta aiko ya fashe, shi kuwa ya tattara abincin yana cewa uwarku ta yi kishi, sannan ya sa aka biya da akushi mai kyau. Abin da aka hana shi ne a mayar da shi gaba ta shekaru, yara suna tasowa suna koyon wace ƙofa ce ba a shiga.

Ki fara da abin da ya fi sauƙi. Gobe da safe ki ce mata ina kwana, ko ta amsa ko ba ta amsa ba; ranar girkinki ki zuba wa 'ya'yanta da hannunki kamar yadda kike zuba wa naki; in ruwa ya yi wuya, kamar yadda ya saba yi mana a garin nan, ki ajiye mata jarka guda ba tare da kin yi shela ba. In kina zuwa Islamiyya ki gayyace ta, domin tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matan ƙasar Hausa ƙungiya-ƙungiya suke neman ilimi a tsarin 'Yan Taru, ƙarƙashin jagorancin malamai mata da ake kira jaji, kuma tafiya tare zuwa makaranta takan buɗe bakin da tsakar gida ta rufe. In kuwa asalin rigimar haƙƙi ne, kamar rabon kwana ko cefane, wannan alhakin maigida ne, sai ki kai masa maganar a gaban wani babba na danginsa da yake jin nauyi, ki bar kishiyarki a waje da ita.