Shin "absent" na nufin gudu daga aiki?

Tambaya: Malam, na yi kwana huɗu ina jinyar mahaifiyata ban je aiki ba, sai aka ba ni takardar tuhuma ɗauke da kalmar "absent". Wani abokin aikina ya ce ma'anarta na gudu daga aiki. Hankalina ya tashi ƙwarai. Mene ne ma'anarta da asalinta?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, kai kuma ka kwantar da hankalinka. Kalmar ta fito daga Latin, inda "ab" ke nufin nesa, "esse" kuma kasancewa, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. Kishiyarta ita ce "present" da muke amsawa lokacin kiran suna a aji. Abin da take faɗi kawai shi ne an duba ba ka nan, ba ta ce komai ba game da dalili ko niyya.

Abokinka ya haɗa ta ne da "abscond", kuma wannan kuskure yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na gamu da shi. Ita "abscond" daga "abscondere" ta zo, wato ɓoyewa, ba ta shiga Ingilishi ba sai a ƙarni na 16, kuma ana faɗinta ne a kan wanda ya sulale a ɓoye don guje wa hukunci ko bashi, ko wanda ya tsere da dukiyar da aka ba shi amana. Kamannin farkon kalmomin ne ke ruɗar mutane, har wasu masu shagunan buga takardu suna ɗaukar ta a matsayin babban Turanci na "absent". Na taɓa riƙe wasiƙar wani masinja da zazzaɓi ya kwantar, wadda aka buga masa cewa "I absconded from duty", shi kuwa ya sa hannu yana murna, bai san ya amsa laifin da bai aikata ba. Takarda irin wannan tana shiga fayil ta zauna, kuma ranar ƙarin girma babu wanda zai tambayi abin da yake nufi.

Saboda haka ka amsa tuhumar cikin wa'adin da aka ba ka, ka yi amfani da kalmar da suka rubuta, ka bayyana dalili, ka haɗa da takardar asibiti. Idan wani ne zai buga maka, ka karanta layi bayan layi kafin ka sa hannu.